Yadda za ka tono tarihin mataimakin gwamnan jiha a Amurka na shekara ɗari baya, kamar yadda na bi sawun Barratt O'Hara

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma ba Amurka na fita nema ba ranar da na ci karo da wannan bawan Allah. Ziyarar da marigayi Abubakar Tafawa Balewa ya kai Washington a watan Yulin 1961 nake bibiya, wadda ya yi jawabi a zauren Majalisar Wakilai. Sai na so in san su wa ke riƙe da sha'anin Afirka a majalisar a wancan lokaci. Sunan da ya fito shi ne Barratt O'Hara, ɗan majalisa daga Chicago, shugaban ƙaramin kwamitin harkokin Afirka, dattijo mai shekara 79. A cikin taƙaitaccen tarihinsa na ga layi guda: mataimakin gwamnan jihar Illinois, 1913 zuwa 1917. Shekara huɗu cur na rayuwar mutum an dunƙule su a layi ɗaya. Abin ya tsaya mini a rai, na kwashe watanni ina binsa da waya da littafin rubutu, yawanci bayan sallar isha. Hanyar da na bi ita ce zan shimfiɗa maka, domin za ta yi maka aiki a kan kowane mataimakin gwamna na wancan zamani.

Fara da kujerar kafin mai kujerar

Kada ka ɗauki hoton mataimakin gwamna na nan gida ka ɗora wa nasu. Tsarin da muka aro daga Amurka a 1979 ya haɗa gwamna da mataimakinsa a tikiti ɗaya, su ci tare ko su faɗi tare. A Illinois ta 1912 ba haka abin yake ba. Kowa da nasa layin a takardar ƙuri'a, ana iya zaɓen gwamna daga wata jam'iyya, mataimaki daga wata. Haka aka ci gaba da yi har sai da sabon kundin tsarin mulkin jihar na 1970 ya sauya tsarin, bayan da a 1968 jama'a suka ba Richard Ogilvie na Rifablikan gwamna, suka ba Paul Simon na Dimokurat mataimaki.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka nemo kundin tsarin mulkin da jihar ke aiki da shi a shekarun da mutumin naka ya yi mulki, ba na yau ba. Na Illinois a zamanin O'Hara shi ne na 1870. Abin da ya ba mataimakin gwamna bai taka kara ya karya ba: shi ne shugaban majalisar dattawan jiha, ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, kuma shi zai hau kujerar gwamna idan gwamnan ya mutu, ko ya sauka, ko aka tsige shi. Da na karanta wannan sai na gane inda zan nufa. Mutumin da aikinsa riƙe guduma ne a zauren dattawa, a takardun zauren dattawa za a same shi. Fayilolin ofishin gwamna ba za su ba ka komai a kansa ba sai kaɗan.

Ka kuma duba tsawon wa'adi, don kowace jiha da nata. A wancan zamani Illinois shekara huɗu ce. New York da Texas shekara biyu. Massachusetts kuwa a lokacin duk shekara ake sake zaɓe, shi ya sa Calvin Coolidge, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya ci kujerar mataimakin gwamna sau uku a jere tsakanin 1916 da 1919. Wasu jihohin ma, irin su Maine da Oregon da New Hampshire, ba su da wannan muƙamin sam.

Jera shekaru, sannan ka gwada su da lissafi

Ɗauki shafi biyu na littafinka. A hannun hagu ka jera shekaru tun daga haihuwa har mutuwa, kowace shekara da layinta. A dama ka riƙa cike abin da ka samu, kana rubuta inda ka samo shi. Idan mutumin ya taɓa zama ɗan majalisar tarayya, ka yi sa'a, domin majalisar tana da kundin tarihin duk wanda ya taɓa zama a cikinta, kyauta a intanet. Daga nan na samo ƙashin bayan labarin O'Hara. An haife shi ranar 28 ga Afrilu, 1882, a garin St. Joseph na jihar Michigan. Yana yaro ya bi mahaifinsa Nikaragua, ya yi makaranta a San Juan del Norte. Ya shiga soja a yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898, ya zama kofur a rundunar sa-kai ta 33 ta Michigan, yana cikin waɗanda suka yi wa Santiago ƙawanya a Kyuba. Ya dawo ya ƙarasa sakandare, ya shiga aikin jarida, ya zama editan wasanni a St. Louis, daga baya a Chicago. Ya gama karatun lauya a 1912, shekarar da aka zaɓe shi yana ɗan shekara 30.

To, a nan ake gane mai bincike da mai kwafa. An ce yana da shekara 15 ya shiga soja. Gaskiya ne mai yiwuwa, domin yaƙin ya ɓarke a ƙarshen Afrilun 1898, 'yan kwanaki kafin ya cika 16. Amma ƙawanyar Santiago a watan Yuli aka yi ta. Duk wanda ya rubuta cewa O'Hara ya yi yaƙin Santiago yana ɗan shekara 15 ya haɗa maganganu biyu na gaskiya ya haifar da ƙarya. Haka na ga an rubuta cewa ya nemi takarar sanata a 1915. Na duba jadawalin zaɓukan Illinois, na tarar zaɓen sanata a 1914 aka yi shi, kuma a zaɓen fidda gwanin Dimokurat na wannan shekarar ne ya sha kaye a hannun Roger Sullivan.

Ranar hawansa kujera ma da nata labarin. An yi zaɓe a Nuwamban 1912, ya kamata a rantsar da su a Janairu. Amma shi da gwamnansa Edward F. Dunne, tsohon magajin garin Chicago, sai ranar 3 ga Fabrairu, 1913, suka kama aiki, saboda majalisar wakilan jihar ta kwashe makonni ta kasa zaɓen kakakinta. Tushen rikicin shi ne rabewar jam'iyyar Rifablikan a 1912, lokacin da Theodore Roosevelt ya ɓalle daga Shugaba Taft ya kafa tasa jam'iyyar. Wannan ɓarakar ce ta ba Woodrow Wilson shugabancin ƙasa, ita ce kuma ta buɗe wa Dunne da O'Hara ƙofa a jihar da 'yan Rifablikan suka daɗe suna riƙe da ita. Ka kiyaye da yadda Amurkawa ke rubuta kwanan wata: wata suke fara sawa kafin rana. In ka ga 2/3/1913, 3 ga Fabrairu ke nan, ba 2 ga Maris ba.

Jaridu

Laburaren Majalisar Amurka yana da rumbun tsofaffin jaridu mai suna Chronicling America, ba a biyan ko sisi, kuma waya ma tana buɗe shi, sai dai hotunan shafukan suna cin data. Jami'ar Illinois ma tana da nata rumbun na jaridun jihar.

Abin da ya fi ba ni wahala da farko shi ne rubutun suna. Kwamfuta ce ke karanta hoton tsohon shafi ta mayar da shi rubutu, kuma tana yawan tuntuɓe a kan ɗigon da ke tsakanin O da H. Sannan 'yan jaridar kansu sukan rubuta Barrett maimakon Barratt. Ka nemi kowane salo daban: O'Hara, OHara, Barrett, Barratt. Ka haɗa da yadda suke taƙaita muƙamin a wancan zamani, wato "Lieut. Gov." ko "Lt. Gov.", ka kuma taƙaita neman a kan wata ɗaya ko biyu. In ka saki ragamar shekaru, duk wani O'Hara da ya taɓa sayar da doki a Amurka zai fito maka.

Kafin ka yarda da jarida, ka tambayi kanka: ta wace ce, kuma wa ke ciyar da ita? A wancan zamani Chicago Tribune ta 'yan Rifablikan ce, ba za ta yi wa matashin Dimokurat kirari ba. Chicago American da Chicago Examiner kuwa na William Randolph Hearst ne, kuma O'Hara ya yi aiki a dukkansu biyun kafin ya shiga siyasa, don haka yabonsu yabon ɗan gida ne. Wadda na fi amfana da ita ƙaramar jarida ce mai suna The Day Book, da E. W. Scripps ya kafa, ta riƙa fitowa daga 1911 zuwa 1917. Ba ta karɓar talla ko ɗaya, da gangan. Manyan jaridun birnin da tallan manyan kantuna suke rayuwa, ita kuwa babu mai riƙe mata maƙogwaro, shi ya sa take buga maganar albashin 'yan matan kanti ba tare da rufa-rufa ba. Tana cikin Chronicling America. Ita ma tana da ɓangarenta, na ma'aikata, ka karanta ta da sanin haka. Dabarata ita ce in ɗauki rana ɗaya in karanta ta a jarida biyu masu gaba da juna. Abin da suka haɗu a kai nakan sa shi a shafin dama da biro. Abin da suka saɓa a kai da fensir nake rubuta shi, tare da sunan wanda ya faɗa.

Nemi wurin da aka rubuta muryarsa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane, kuma shi ne ya sa na ga wahalar ta biya. Mataimakin gwamna ba shi da ma'aikata, ba shi da kasafi, ba sa hannunsa ke mayar da ƙudiri doka ba. Wanda ya zauna jiran gado kawai, shekarunsa za su wuce babu abin rubutawa. Amma wasunsu sukan samo wa kansu aiki, kuma aikin yakan bar takarda. Na O'Hara kwamitin bincike ne. Watan da ya hau kujera majalisar dattawan jihar ta kafa kwamiti a kan karuwanci da safarar mata, aka ba shi shugabanci, shi kuma ya juya akalar binciken zuwa tambaya guda: nawa ake biyan macen da ke aiki a kanti ko masana'anta, kuma kuɗin yana isar ta ci, ta sha, ta biya haya?

Sai ka san yanayin garin kafin ka fahimci zafin tambayar. A 1910 majalisar tarayya ta yi dokar Mann, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da mace don lalata. A 1911 wani kwamitin birnin Chicago ya fitar da rahoto a kan gidajen karuwai. A 1912 aka rufe unguwar Levee, matattarar wannan harka. Kowa na maganar tarbiyya da 'yan sanda. O'Hara ya kawo maganar aljihu.

Kwamitin ya aika wa manyan 'yan kasuwa sammaci, suka zo suka yi rantsuwa, aka tambaye su albashin ma'aikatansu mata da ribar da suke ci. A watan Maris na 1913 Julius Rosenwald, shugaban Sears, babban kamfanin sayar da kaya, ya zauna a gabansu ya ce shi bai ga wata alaƙar kirki tsakanin ƙarancin albashi da karuwanci ba. An kuma kawo 'yan mata ma'aikata suka ba da nasu bayanin. Akawu yana rubuta kowace tambaya da amsarta, aka buga duka a babban rahoto a 1916. Tunda ya haura shekara 95 da bugawa, ya fita daga haƙƙin mallaka, ana samun irinsa a rumbunan littattafai na kyauta kamar HathiTrust da Internet Archive. Matsayar da kwamitin ya cimma ita ce talauci ne babban tushen karuwanci, kuma dala 8 a mako shi ne mafi ƙarancin abin da zai riƙe budurwa mai aiki a babban birni.

Ka karanta tambaya da amsar da kanka, kada ka tsaya a taƙaitawar wani. Gani ya kori ji. A nan za ka ji yadda tsohon ɗan jarida kuma sabon lauya ke matsa wa attajiri lamba, za ka kuma gane ya san abin da zai zama kanun labarai gobe. A nan kuma za ka yanke naka hukuncin. Nawa shi ne wannan: tambayar albashin daidai ce, kuma jarumta ce ɗan shekara 30 ya tsayar da masu kuɗin Chicago ya yi musu ita a bainar jama'a. Amma hanyar da ya bi ta ɗora mutuncin dubban mata talakawa a kan teburin muhawara, kamar a ce duk wadda albashinta bai kai dala 8 ba abar zargi ce. Macen da ke tsaye a bayan kanta tun safe har dare ta cancanci albashin da zai riƙe ta saboda guminta, ba sai an tsorata jama'a da cewa za ta lalace ba. Kada kuma ka mayar da Rosenwald dodo saboda amsa guda. Shi ne mutumin da ya haɗa kai da Booker T. Washington, fitaccen malami baƙar fata, asusunsa ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 don 'ya'yan baƙar fata a kudancin Amurka. Duka biyun ka rubuta su.

Bayan haka ka bi sakamakon aikin, don hayaniya daban, doka daban. Massachusetts ce ta fara yin dokar mafi ƙarancin albashi ga mata a 1912, jihohi takwas suka bi sahu a 1913. Illinois, inda aka yi duk wannan tata-ɓurza, ba ta cikinsu, sai a 1933 ta yi tata.

Akwai tarkon da nake so ka kauce masa. A watan Yunin 1913 Gwamna Dunne ya sa hannu a dokar da ta ba matan Illinois damar zaɓen shugaban ƙasa, jiha ta farko da ta yi haka a gabashin kogin Mississippi. Dokar ta ratsa zauren da O'Hara ke shugabanta. Zuciyarka za ta so ta jingina masa ita. Ka danne ta, ka buɗe littafin zaman majalisar dattawa na wannan shekara, wanda ke nuna wa ya kawo ƙudiri da yadda kowa ya jefa ƙuri'a. Abin da littafin ya ba shi, shi kaɗai za ka ba shi.

Takardun gwamnati

Amurka na ƙidayar jama'a duk shekara goma, kuma ana sakin takardun bayan shekara 72, don haka har ta 1950 a buɗe take. Shafin intanet na FamilySearch na nuna su kyauta in ka yi rajista. Ƙidayar 1900 ta fi daɗin aiki domin ta rubuta wata da shekarar haihuwar kowa. Kada ka wahalar da kanka neman ta 1890, gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta. Haka fayilolin sojan ƙasa na waɗanda suka bar aiki tsakanin 1912 da 1960, yawancinsu sun ƙone a gobarar rumbun takardun soja na St. Louis ta 1973. Sai ka koma ga jaridu da littattafan tarihin runduna. Littattafan tarihin gundumomi na wancan zamani kuwa, waɗanda ke cike da yabon manyan gari, sau da yawa mutanen ne ke biya a saka su. Ɗauki sunayen iyaye da kwanan wata a ciki, ka bar musu kirarin.

Kada ka rufe littafin ranar da ya sauka

Ga wasu, kujerar tsani ce. Warren Harding ya riƙe ta a Ohio daga 1904 zuwa 1906, Coolidge a Massachusetts, dukkansu suka zama shugaban ƙasa. Ga wasu, gadon ya faɗo musu ba zato: Martin Glynn ya zama gwamnan New York a Oktoban 1913 da aka tsige William Sulzer, William Hobby ya gaji James Ferguson a Texas a 1917 ta hanya irin wannan. A Louisiana kuwa mataimakin gwamna Paul Cyr ya ayyana kansa gwamna a 1931 yana cewa Gwamna Huey Long ya bar kujerar tunda an zaɓe shi sanata, ƙarshenta ya rasa har ta mataimakin. Ka fara gane wane iri ne naka, domin shi zai nuna maka inda nauyin labarin yake.

O'Hara ba ya cikin ko ɗaya. Ya sauka a Janairun 1917, John G. Oglesby, mutumin da ya karɓi kujerar daga hannunsa, ya sake dawowa kanta. Daga nan sai shafin damana ya cika da abubuwan da ban zata ba. Ya shugabanci wani kamfanin fim. Ya koma soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya da muƙamin manjo, ya yi aikin lauyan runduna. Ya nemi gwamna a 1920 bai samu ba. Ya yi aikin lauya a Chicago, ya yi sharhi a rediyo daga 1933 zuwa 1935, ya nemi majalisar tarayya a 1936 ya faɗi. Sai a zaɓen 1948, yana da shekara 66, ya ci kujerar Majalisar Wakilai daga kudancin Chicago. Ya rasa ta a 1950, ya ƙwato ta a 1952, ya zauna a kanta har farkon 1969. Shi ne tsohon sojan yaƙin Sifaniya na ƙarshe da ya zauna a majalisar. Shekarun da ƙasashen Afirka ke karɓar 'yancin kai ɗaya bayan ɗaya, shi ke riƙe da ƙaramin kwamitin Afirka, kuma duk abin da ya faɗa a zauren yana cikin kundin muhawarar majalisar, wanda shi ma a buɗe yake. In da na tsaya a 1917, da na bar fiye da rabin rayuwarsa.

Lokacin rubutawa da Hausa, ka kira shi mataimakin gwamna, amma tun a sakin layi na farko ka faɗa wa mai karatu cewa zaɓensa daban ne kuma shi ke shugabantar dattawan jiha, in ba haka ba zai auna shi da ma'aunin nan gida. Kuɗi ka bar su a dala kamar yadda suke, ka kwatanta su da kuɗin haya da abinci na wancan lokaci, waɗanda shaidu suka lissafa a gaban kwamitin. Canza su zuwa naira ba zai nuna komai ba.

Layin ƙarshe na shafin damana shi ne: ya sha kaye a hannun Abner Mikva a zaɓen fidda gwani na 1968, ya mutu a Washington ranar 11 ga Agusta, 1969, yana da shekara 87, aka binne shi a maƙabartar Oak Woods da ke Chicago. Ranar mutuwa ka tabbatar da ita daga wuri biyu, sanarwar jarida ta washegari da hoton dutsen kabari, wanda sau da yawa ake samu a Find a Grave, shafin intanet na bayanan kaburbura. In sun saɓa, jaridar da aka buga a makon ita ce ta fi kusa da abin da ya faru, domin dutse wani lokaci sai bayan shekaru ake sassaƙa shi.